Kama da Wane Ba Ta Wane: Aikin Masu Hoto a Sabon Gari da Samaru

Da wuya mutum ya shiga zauren wani babba a Zariya, ko ofis, ko kanti, ya ɗaga kai bai yi ido huɗu da wata fuska da aka rataye a bango ba. Wani hoton na Sarki ne, wani na Gwamna, wani na maigidan ne sa'ad da ya ke saurayi, wani kuwa na kalandar kamfanin taki ne. Abin mamaki shi ne mutanen da su ke da kaifin ido wajen ɗinkin riga, har su faɗi inda allura ta kauce a aska takwas, in aka miƙa musu hoto ba su da abin cewa sai ɗayan biyu, ko su ce ya yi kyau, ko su ce bai fita ba. Alhali kuwa ɗaukar hoton mutum sana'a ce mai gwani da ɗan koyo, mai amana da ha'inci, kuma ta cancanci a ɗora ta bisa ma'auni kamar kowace sana'a.

Sana'ar nan jirgin ƙasa ta biyo. Hanyar dogo ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, Sabon Gari kuwa ya tsiro ne a gefen tasha domin baƙin da aikin jirgi da ciniki suka kawo, akawuna da makanikai da teloli, galibinsu mutanen Kudu. A cikinsu aka sami masu akwatin nan mai ƙafa uku da baƙin mayafi. Ko aikin dogon kansa, daga Ikko ta Jebba har Kaduna, wani mai hoto na Ikko, George Da Costa, shi Gwamnatin Turawa ta ba aikin ɗaukarsa. Daga baya masu neman hoto suka ƙaru ta fuska biyu. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam ya na edita, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, a 1948 kuma ya fara fitar da Nigerian Citizen da Turanci, jarida kuwa ta na bukatar fuskokin manya. Can Samaru, a kan hanyar Sakkwato, gidan gonar gwaji da aka kafa a 1922 ya bunƙasa, aka gina babbar kwaleji kusa da shi, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Nan ma a na bukatar hoto, na ɗalibai, na malamai, da na manoman da a ke koya wa sabon iri.

Malamai sun yi saɓani game da halaccin abin, har yanzu kuwa akwai masu tsoron Allah da ba su yarda a ɗauke su sai bisa larura, kamar ta fasfon aikin Hajji. Waɗanda suka sauƙaƙa sun jingina ne ga irin hujjar Shaihu Muhammadu Bakhit, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935. Shi ya ga kyamara ba ta ƙaga siffa, inuwar abin da Allah ya halitta ta ke tsarewa, kamar yadda madubi ya ke yi. To, wannan hujja ta ɗora wa mai hoto nauyin da sau da yawa ba ya lura da shi. In dai inuwar mutum ce ya tsare, ashe abin wani ne ya ke hannunsa, sai ya san inda zai kai shi da yadda zai nuna shi.

Mutum uku ne su ke da haƙƙi a kowane hoto. Akwai wanda aka ɗauka, akwai wanda ya biya, akwai kuma wanda zai duba bayan shekara hamsin, sa'ad da biyun farko sun riga mu gidan gaskiya. A shagon hoto na kasuwa, na farko da na biyu mutum ɗaya ne, shi ya zauna, shi ya zaro kuɗi daga aljihunsa. A aikin jarida da na kamfani kuwa sun rabu, wani ya ke zaune, wani ya ke biya, abin da wannan ya ke so ba lalle ne shi wancan ya ke so ba. Daga wannan rabuwa yawancin aibin sana'ar ya ke fitowa, nan kuma a ke gane gwani.

A fara da shagon Sabon Gari. Wanda ya san irin hotunan da su ke cikin akwatunan tsofaffi zai tuna yadda su ke: labule mai zanen bene ko lambu, kujera guda, tebur da tulun furen roba, saurayi ya ja hannun riga domin agogo ya fito, ya soke alƙalami a aljihun gaba, ko ya dafa akwatin rediyo. Masu raina wannan aiki su kan ce kayan aro ba ya rufe katara, watau agogon na mai shago ne, benen kuwa fenti ne. Maganarsu ba ta kama ba ƙwarai, domin ba wanda aka yaudara. Uwar da aka aika wa hoton a ƙauye ta san ɗanta lebura ne a tasha, ba shi da bene. Abin da hoton ya gaya mata shi ne ya na nan lafiya, bai lalace ba, ga kuma inda ya sa gaba. Irin wannan aiki ne Seydou Keïta ya yi a Bamako tun da ya buɗe shagonsa a 1948. Shi ma ya na ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur domin masu zuwa su ara, amma ya san yadda zai karkata kafaɗar mace, ya shimfiɗa zanenta, ya zaɓi labulen da zai yi magana da atamfarta, har kowace ta fito ita kaɗai, ba ta yi kama da wadda ta tashi daga kujerar ba.

Aibin shago na gaskiya shi ne sanya kowa a ma'auni ɗaya. Da fari akwai dalili, gama gilashin da ba ya kama haske da sauri, tilas mutum ya ƙame, ya riƙe numfashi, in ya motsa fuskar ta dagule. Dalilin ya wuce tuntuni, ƙamewar ta zauna ta zama al'ada: hannu biyu bisa gwiwa, ƙafa a haɗe, ido a zare kamar na wanda aka gurfanar gaban alƙali. Kada a ce rashin dariya ne laifin. Dattijon Bahaushe ba ya wage baki gaban baƙo, budurwa mai kunya ba ta ƙura wa namiji ido, mai hoton da ya tilasta musu murmushi irin na talla ya fitar da su daga ɗabi'arsu. Amma natsuwa daban, firgita daban, wanda bai iya rarrabe su a fuskar mutum ba bai isa ya taɓa kyamara ba tukuna.

Aikin jarida ya fi wuya, domin kafin a zo ga hali sai an yi fama da haske. Babban mutum a Arewa farar riga ya ke sawa, fuskarsa kuwa baƙa ce ko wankan tarwaɗa. Filim ba ya iya ɗaukar fari fat da baƙi wuluk gaba ɗaya, ya ba kowanne haƙƙinsa. In aka auna haske bisa riga, sai aikin allura ya fito tsaf, fuska ta zama dunƙulen duhu. In aka auna bisa fuska, sai rigar ta ƙone ta zama kamar takarda. Ga rawani ya na jefa inuwa bisa goshi, ga amawali ya rufe baki, ga ranar tsaka ta na mai da gurbin ido kamar rami. Sa'an nan a maɗaba'a a farfasa hoton ya zama ɗige-ɗige, a buga bisa takardar jarida mai shan tawada, ɗan abin da ya rage na fuska ya ƙarasa ɓacewa. Gwani ya san maganin wannan. Ya kan jawo mutum inuwar zaure kusa da ƙofa, ko ya jira hantsi ko la'asar, ko ya sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ya mai da haske ƙarƙashin rawani, ya auna bisa fuska, sa'an nan a ɗakin duhu ya ƙara wa rigar lokaci har zarenta ya komo. Hazon hunturu ma, da kowa ya ke kuka da shi, abokin mai hoto ne, domin ya na tausasa rana. Wanda bai damu ba kuwa sai ya ba edita riga da rawani, a rubuta suna a ƙasa, mai karatu ya gaskata sunan domin ba shi da wata shaida.

Wani lokaci kuma rigar ce edita ya ke so. Jarida ta kan nemi muƙami, ta ce a kawo mata Hakimi, ko Minista, ko Shugaban Jami'a, muƙami kuwa a tufafi ya ke zaune, a alkyabba da sanda da kujera. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, ba a zargin mai hoto don ya kawo abin da aka aike shi. Abin zargi shi ne ya tsaya nan. Hotuna biyu da duniya ta sani sun nuna a na iya cika aike a kuma kawo mutum. A 1897, bayan Turawan Ingila sun ci Binin, Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, ya ɗauki Oba Ovonramwen a cikin jirgin ruwan da ya tafi da shi Kalaba. Masu sayen irin wannan hoto Turawa ne, abin da su ke so su gani shi ne sarkin da aka kayar, sun kuwa gan shi, ga sojoji tsaye a kansa. Amma Green ya bar shi zaune da kwarjininsa, har wanda ya duba yau ba ya shakkar wane ne sarki a cikinsu. A 1941 kuma, a birnin Ottawa na Kanada, Yousuf Karsh ya sami 'yan mintoci kaɗan da Winston Churchill. Da ya ga ya ƙi ajiye sigarinsa, sai ya matsa ya zare shi daga bakinsa, ya ɗauke shi cikin wannan ɓacin rai. Fuskar nan mai murtuke ita ce aka sa a takardar fam biyar ta Ingila a 2016.

Dabarar Karsh ba ta yiwuwa a fadar Zazzau, wanda ya gwada ta dogarai za su nuna masa hanya, kuma daidai ne. Mai hoto a ƙasar Hausa durƙuso ya ke yi ya yi gaisuwa kafin ya kafa kyamara, ba shi da bakin da zai ce wa Sarki ya juyo ko ya ɗaga haɓa sai ta bakin wani. Makaminsa haƙuri ne. Ya zo da wuri, ya san inda haske ya ke faɗuwa a zauren, ya bari a saba da shi har a manta ya na nan, ya jira sa'ad da aka kawo wata magana da ta taɓa zuciyar mai martaba, ido ya motsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in rawani ya rufe sauran kuwa, ido kaɗai ya ishi mai lura. Ladabi bai hana wannan ba. Ragwanci ne ya ke hana shi, sai a fake da ladabi.

A wajen Samaru kuma wani irin hoto ne ya yawaita, na manomi. Cibiyar binciken aikin gona ta fitar da iri masu yawa na dawa da gyaɗa da auduga da masara da wake, sunayensu na farawa da SAM domin tunawa da garin, kamfanonin taki da na iri da na maganin ƙwari kuwa su na buga kalanda da takardun talla domin su kai kayansu ga talaka. A nan wanda ya biya ba mutumin ya ke so ba, zangarniyar ya ke so. Sai a sami manomi a gonarsa, a ba shi sabuwar hula, a ɗora masa dami ko buhu, a ce ya yi dariya. A ƙarƙashin hoton za a rubuta sunan irin, da yawan buhunan da kadada ta ke bayarwa, da sunan kamfani da manyan baƙaƙe, shi kuwa a ce da shi wani manomi. Fuskarsa ta yi shekara ta na sayar da taki a kasuwanni, wataƙila ba a gaya masa inda za a kai ta ba, balle a ba shi ko kwafi ɗaya. Wannan ya fi agogon aro muni nesa, gama saurayin Sabon Gari shi ya zaɓi abin da zai ara, manomin kuwa shi aka ara. Mai hoton kirki ba zai ƙi aikin kamfani ba, abincinsa ke nan. Amma ya na iya tambayar mutum sunansa da garinsu ya rubuta, ya bayyana masa abin da za a yi da hoton, ya nemi yardarsa, ya sa a biya shi in talla ce, ya kuma ɗauke shi ya na aikin da ya saba, da fartanyarsa da hannunsa mai kanta.

Zuwan filim mai launi bai rage matsalar fata ba. Shekaru da yawa kamfanin Kodak ya na aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya domin su daidaita launin injinsu da shi, saboda haka fatar da ba irin tata ba sai ta fito toka-toka ko ta nutse. Kwamfuta ta kawar da wannan uzuri, ta kuma kawo fitinar da ta fi shi. Yanzu a na iya goge tsufa, a share zanen gado daga kunci, a kankare duhun fata har baƙi ya koma fari. Duk wanda ya bi titin Sabon Gari zuwa Samaru a lokacin zaɓe zai ga allunan 'yan takara da fuskoki sumul kamar an yi musu yaɓe, ɗan shekara saba'in ba ko layi ɗaya a goshinsa. Haka a ke yi wa amare, har dangin ango su dubi katin biki su dubi yarinya su rasa ta cewa. Gyara ƙurji da zai warke cikin mako ba laifi ba ne. Share tsagar da ta nuna asalin mutum kuwa, ko sauya launin da aka haife shi da shi, ya fitar da hoton daga hukuncin madubi, ya mai da shi ƙagaggen abu, hujjar da malamai suka halatta shi da ita ma ta faɗi.

Kada a zaci neman abinci da kyakkyawan aiki ba su haɗuwa. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ne da aikin ɗakin duhu a Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ibadan a 1954, ya yi shekaru ya na ɗaukar hoton talla a wani kamfani na Ikko, amma tun daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya domin kansa, har ya tara kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Yawancinsu ta ƙeya ya ɗauke su, ba a ganin fuska, duk da haka mutuncin mai kitson da na makitsiyar ya na ciki. Tsabtar hasken da ya koya a talla ita ya kai can. Darasin ma ba sai an je Ikko ba. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu bisa ra'ayin a karɓi dabarar Turawa a yi aikin gida da ita. Masu fenti sun ji wannan kira. Masu kyamara su ma ya shafe su, gama ƙasar da ta ke da zanen bangon Zazzau da rinin shuni da hawan Salla ba ta rasa abin da za ta kafa bayan mutum ba, har a ce sai labulen da aka zana wa benen wata ƙasa.

Saura haƙƙin na uku, wanda zai duba daga baya. Hoton Sardauna da ya ke jikin takardar naira 200 tun shekarar 2000 ya ratsa hannun kowa, sunan wanda ya fara ɗaukarsa kuwa ba ya jikinta. Haka jaridu suka daɗe su na buga hoto ba sunan mai shi, sai ka ce daga sama ya faɗo. Keïta kansa, da aka nuna aikinsa a New York a 1991, an rubuta cewa ba a san mai shi ba. Abin da ya cece shi shi ne ya adana uwayen hotunansa, watau filim ɗin da a ke buga wasu daga jikinsa, dubbai a cikin akwati. Da aka bi sawu aka same shi, a 1994 aka yi nunin aikinsa a Paris da sunansa. Filim kuwa ba ya jure zafin bazara da laimar damina, shagon haya ba ma'ajiya ba ne, in mai shi ya tashi ko ya mutu abin da ya bari ya kan bi shara. Hoton waya ya fi wannan saurin halaka, ran da wayar ta faɗa ruwa shi ke nan. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tabbatar wa mai aiki ikon a ambaci sunansa, ya rage ga masu hoto su nema, editoci su bayar. Ya kuma kamata magadan tsofaffin shaguna su san akwai Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru da Gidan Arewa a Kaduna, inda a ke adana takardun tarihi, kafin su zubar da akwatin da ba su san abin da ya ke ciki ba.

Saboda haka in an miƙa wa mai karatu hoto, kada ya tsaya ga cewa ya yi kyau. Ya duba ko fuskar ta fito ko riga ce kaɗai. Ya tambaya ko mai fuskar ya san inda aka kai ta, ya kuma yarda. Sa'an nan ya juya bayan takardar ya ga ko an rubuta sunan wanda aka ɗauka, da na wanda ya ɗauka, da gari, da shekara. In ya tarar ba a rubuta ba, kuma akwai tsoho a gidan da ya sani, to, ya nemi alƙalami tun tsohon ya na da rai.